JARIN BAƘO DA HAƘƘIN NUMFASHI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye taskoki a cikinta, ya kuma sanya iska ta wadaci kowane mai rai ba tare da an biya ko dala ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



A wani zaman karatu na bayan La'asar, wani saurayi daga cikin ɗalibai ya yi mana tambaya, ya ce: "Malam, idan baƙi suka zo da kuɗinsu za su kafa masana'anta a bayan garinmu, za ta ɗauki samari aiki, amma hayaƙinta zai riƙa sauka a kan gidajenmu, murna za mu yi ko ƙi?" Kafin a ba shi amsa sai wani dattijo ya ce: "Yaro, mai jin yunwa ba ya ƙorafin hayaƙin murhu." Wani kuma daga bayan sahu ya ce: "Baba, ai wanda tari ya kwantar ba ya iya haɗiyar tuwon." Jama'a suka yi dariya, aka tashi saboda Magariba ta gabato. To amma tambayar ba ta dariya ba ce, domin kowane daga cikin mutanen nan biyu ya faɗi wani yanki na gaskiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo ta cikin wannan mujalla, mu auna ta da ma'aunin shari'a da kuma abin da idanunmu suka gani a ƙasarmu.

RAYA ƘASA UMARNI NE

Mu fara da gefen dattijon nan, don yana da hujja mai ƙarfi. A cikin suratu Hudu, ta bakin Annabi Salihu (A.S.), Allah ya tunatar da mutane cewa daga ƙasa ya halicce su, kuma ya ɗora masu aikin raya ta. Malamai sun shigar da noma, da gini, da haƙar rijiya, da fitar da ma'adinai cikin wannan rayawa. Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya kasance yana neman tsarin Ubangijinsa daga talauci. Saboda haka wanda ya ce a bar arzikin ƙasa a binne, jama'a su zauna da yunwa, bai fahimci addini ba.

Talauci yana kisa, kuma mu shaidu ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da ƙananan yara, da yawansu daga yankin Kance. Motocinsu suka lalace bayan sun tashi daga Arlit, ƙishirwa ta gama da su. Neman abin sawa a baki ne ya fitar da su daga gidajensu. Duk mai magana a kan tsabtar iska, in ya manta da waɗannan bayin Allah, maganarsa ba ta cika ba.

Haka kuma hulɗa da baƙo, ko da ba Musulmi ba ne, halal ce a asalinta. Bayan buɗe Haibara a shekara ta 7 ta Hijira, Annabi (S.A.W.) ya bar Yahudawan wurin su ci gaba da aikin gonakin dabino a kan rabin abin da aka girbe. Wannan yarjejeniya ce tsakanin mai ƙasa da mai ƙwarewar aiki, kuma kowa ya san rabonsa tun farko. Mu ma muna da ƙasa da abin da ke cikinta, wasu suna da jari da na'urori. Babu laifi a haɗu.

Mun kuma ga amfanin hakan. Kafin 2011, man fetur ɗin da muke ƙonawa daga waje ake kawo shi. A watan Nuwamba na wannan shekara aka buɗe matatar SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, wadda aka gina don tace ganga dubu 20 a rana daga rijiyoyin Agadem, kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60 cikin 100, ƙasarmu tana da 40. Daga cikin abin da take fitarwa akwai iskar gas ta girki, wadda ta raba mata da yawa a birane da hayaƙin itace. Ke nan masana'anta tana iya zama sanadin tsabtar iska a wani wuri. A 2024 kuma aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita dubu 2 zuwa gaɓar teku a Benin. Musun amfanin irin waɗannan ayyuka ba adalci ba ne.

ISKA DUKIYAR TARAYYA CE

Yanzu mu koma ga mutumin bayan sahu. Ɗan Adam yana iya zaɓen abincinsa. In rijiya ta ɓaci yana iya tafiya wata. Amma ba shi da ikon ya ce yau ba zan shaƙi iskar unguwarmu ba. Baligi yana numfashi kimanin sau dubu 20 a yini da dare, jariri kuma ya fi haka. Abin da ke cikin iskar, shi ke shiga ƙirjin liman da ladan, mai kuɗi da almajiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana jawo mutuwar mutane kimanin miliyon 7 a kowace shekara, ta hanyar ciwon huhu, da ciwon zuciya, da shanyewar jiki. Mafi haɗari ita ce ƙurar da ido ba ya gani, wadda ke wuce hanci ta kai ƙarshen huhu, daga nan ta shiga jini.

Ya inganta daga Annabi (S.A.W.) cewa Musulmi suna tarayya cikin abubuwa uku, wato ruwa, da ciyawar kiwo, da wuta. In ruwan da ake iya ɗebowa a tulu an sanya shi na tarayya, to ina ga iskar da ba mai iya ƙulle ta a ɗaki? Kuma kowa ya san hukuncin wanda ya ci ɗanyen tafarnuwa ko albasa: an umarce shi ya nisanci masallaci don kada ya cutar da masu salla. Ku duba, ya ƴan'uwa. An hana mutum falalar jam'i saboda wari na sa'a guda, wanda ba ya kwantar da kowa. Yaya hukuncin wanda ya cika gari da hayaƙin da ke kashewa a hankali?

Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce ga malamanmu na Malikiyya. Shaihu Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 8 na Hijira, a cikin Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, ya kawo a babin tarayya cewa alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da kafa masussuka a gaban gidan wani saboda ƙaiƙayi. Ibnur Rami, wani magini masani na birnin Tunis a wannan ƙarni, ya tattara hukunce-hukuncen alƙalai a kan hayaƙin tanderu da makamantansu. Dukansu sun gina a kan hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Mai gidan wanka sana'ar halal yake yi, yana da ma'aikata, jama'a kuma suna amfana da shi. Duk da haka ba a ce masa tunda kana kawo amfani shaƙe maƙwabcinka ba. An ce masa ya gyara ko ya matsa. Girman masana'anta ba ya canza wannan hukunci, sai dai ya ƙara masa nauyi.

ABIN DA ARLIT TA KOYA MANA

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfen yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akuta a 1978, duka biyu da jarin Faransa a kan gaba. A shekarun 1970 kuɗin wannan ƙarfe ya cika baitulmali. Da shi aka yi manyan gine-gine a Yamai, aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, dubban magidanta daga kudu suka samu aiki, wasu suka sauke farali, wasu suka gina masallatai a garuruwansu. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, kowa ya ji a jikinsa.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da kimanin tan dubu 75 na ƙarfen. Ma'aikata ɗaruruwa suka rasa aiki. Abin da ya rage a wurin shi ne tudun dusar ma'adinai mai kimanin tan miliyon 20. Wannan dusa tana fitar da wata iska da ake kira radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma likitoci sun tabbatar tana jawo ciwon dajin huhu. Gubar da ke cikin irin wannan dusa tana ɗaukar dubban shekaru kafin ta huce. Tun a 2003 wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen garin, suka gano tsofaffin ƙarafa masu ɗauke da gubar ana sayar da su a kasuwa. A 2009 kuma masu binciken Greenpeace suka auna guba mai yawa a wasu titunan Akokan inda aka yi ciko da duwatsun mahaƙa. Kamfanin ya kwashe wasu wuraren, ya yi alkawarin rufe tudun da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2, yana kuma cewa bai ƙetare ƙa'idojin lafiya ba.

Ba mu kawo wannan don mu zauna a kujerar alƙali ba. Abin lura shi ne lissafin. Aikin ya yi shekara 43. Albashi ya ƙare ranar da aka rufe ƙofa. Tudun kuwa zai ga jikokin jikokinmu. Ƙarfen ya haskaka biranen wasu, alhali har yanzu kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun wutar lantarki a ƙasarmu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ɗan gari shi ke kwana da abin da aka bari.

Wani zai ce ai malamai sun bambanta tsakanin cutar da aka ƙaga da wadda mutum ya tarar ya zo ya zauna kusa da ita, kuma a Arlit mahaƙa ta riga gari. Amsa ita ce, garin saboda mahaƙar aka kafa shi, kuma aikinta ne ya kira mutane. Wanda ya gayyaci baƙi zuwa gidansa, kiyaye lafiyarsu tana wuyansa.

MA'AUNI

To yaya za a auna? Allah ya koya mana hanyar a suratul Baƙara, inda ya tabbatar cewa giya da caca suna da wani amfani ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Ke nan samuwar amfani kaɗai ba ta halatta abu, samuwar ƴar cuta kuma ba ta haramta shi. Babu aikin da ba ya tayar da ƙura, ko sussukar hatsi. Sai an ɗora duka biyu a kan sikeli. Muna ganin tambayoyi huɗu ne ya kamata kowace al'umma ta yi kafin ta yi na'am.

Ta farko: wa ke cin amfanin, wa ke ɗaukar cutar? Ƙa'idar malamai ita ce mai cin riba shi ke ɗaukar hasara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In riba tana tafiya wani birni, tari kuma yana zama a wani ƙauye, ba a yi awo ba tukuna, an dai ɗauki haƙƙin wani an ba wani. Ba ya halatta a haɗa ribar Zaidu da ciwon Amru a ce ribar ta rinjaya.

Ta biyu: cutar tana gyaruwa ko ba ta gyaruwa? Shari'a ta zo don kiyaye abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. In suka yi karo, rai yana gaba da dukiya. Gonar da aka karɓa ana iya biyan diyyarta. Huhun da ya lalace, da ruwan ƙarƙashin hamada da ya taru cikin dubban shekaru, babu kasuwar da ake sayo su. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni a kudancin Najeriya, wadda man fetur ya ɓata, zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ɓarna tana da sauri, gyara yana da nawa.

Ta uku: ana iya kauce wa cutar da kuɗi? Nan ne mafi yawan gardama ke warwarewa. Akwai na'urorin tace hayaƙi. Ana iya yayyafa wa hanyar manyan motoci ruwa, a lulluɓe dusa, a kafa masana'anta inda iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas, ba za ta kai hayaƙin cikin gari ba. Kakanninmu ma a gefen gari suke ajiye majema. In duk wannan mai yiwuwa ne, aka bar shi don a rage kashe kuɗi, to ba larura ba ce, rowa ce. Larura tana halatta abin da aka hana gwargwadonta ne kawai, kuma ƙarin riba ba ya cikin larura.

Ta huɗu: an gaya wa mutane gaskiya? Ɓoye aibin haja haramun ne a cinikin akuya, balle a cinikin lafiyar gari. Yardar da aka samu daga wanda bai san abin da ya yarda da shi ba, ba yarda ba ce. Ko da an sanar da mu mun yarda, akwai waɗanda ba mu da ikon yafe haƙƙinsu: jaririn da ke goye, da wanda ba a haifa ba. Waliyyin maraya ba ya taɓa dukiyarsa sai ta hanyar da ta fi kyau. Mu waliyyai ne a kan iska da ruwan masu zuwa.

SHUBUHOHI UKU

Akwai masu cewa: ai Turawa ma da hayaƙi suka ci gaba, don me za a hana mu? Gaskiya ne da hayaƙi suka fara, amma a tambayi abin da suka biya. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan kwana 5, aka ƙidaya mutum dubu 4 da suka mutu a lokacin, binciken baya kuma ya nuna adadin ya fi haka nesa. Sai a 1956 suka kafa dokar tsabtar iska. Su sun faɗa ramin cikin duhu. Mu an haska mana shi, kuma maganin yana kasuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da ba za mu karɓa ba shi ne kamfani ya yi aiki da mudu biyu, cikakke a ƙasarsa, tauyayye a tamu. A daren 2 ga Disamba 1984, iskar guba ta tsere daga masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide na Amurka a Bhopal ta ƙasar Indiya, dubban talakawan da ke kwance a kewayenta suka mutu cikin ƴan kwanaki. Allah ya saukar da sura guda a kan masu tauye mudu, waɗanda ke cikawa in za su karɓa, su rage in za su bayar.

Akwai masu cewa: in muka tsananta sharuɗɗa baƙi za su tafi wani wuri. Wannan tsoro yana da tushe, domin ƙasashe matalauta suna gasa wajen jawo jari. Amma ma'adinin a ƙasarmu yake, ba ya ƙaura. Mai jari na kirki ya fi son doka bayyananniya wadda ba ta canzawa, da hukumar da ba ta neman toshiyar baki. Wanda kuwa ba zai zauna ba sai an bar shi ya zuba guba, tafiyarsa alheri ce. Sa'an nan kada mu ruɗi kanmu da canjin baƙo. Ƙura ba ta san tutar kowa ba. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Wannan ya ƙara mana nauyi ne, domin daga ranar, in aka yi sakaci, babu wanda za mu nuna wa yatsa. Hayaƙin ɗan ƙasa da na baƙo hukuncinsu ɗaya ne a wurin Allah.

Akwai kuma masu cewa: ai kowa da ajalinsa. Haka ne, babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Amma lokacin da Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, komawa ya yi da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida (R.A.) cewa gudun annoba shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Imani da ƙaddara yana kwantar da zuciyar wanda aka jarraba, amma ba ya wanke wanda ya yi sakaci. Wanda ya haƙa rami a kan hanya, wani ya faɗa ya mutu, alƙali ba ya sallamarsa da cewa ajali ne.

MU DUBI KANMU

Zai zama munafunci mu tuhumi baƙo mu manta da abin da hannuwanmu ke yi. Allah ya sanar da mu a suratur Rum cewa ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku sakamakon aikin mutane ce. Wa ke ƙone bola cike da leda a ƙofar gida da magariba, lokacin da iska ta kwanta, hayaƙin ya shiga ɗakin mai jego? An kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tun 2014, amma ga ta nan a kan kowace ƙaya. Wa ke babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya, ya kai kasuwa ya sayar wa Musulmi? Wa ke barin matarsa tana girki a rufaffen madafi shekara da shekaru, goyonta yana shaƙa tare da ita, alhali yana da halin buɗe taga ko sayen murhu mai rage itace? Samarinmu nawa ne ke ƙona sinadarin zaiba don tace zinariya a wuraren haƙa, suna shaƙar tururinsa? A 2010, a jahar Zamfara ta maƙwabtanmu, ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Babu baƙon kamfani a wurin. Rashin sani ne da matsin talauci.

Annabi (S.A.W.) ya buga misali da mutanen da ke cikin jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda rabonsu don su samu ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In aka bar su kowa ya nutse, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Ku lura, masu hudawar ba mugaye ba ne, buƙata ce da su ta gaskiya. Saboda haka riƙe hannunsu bai isa ba, sai an kai masu ruwan.

ABIN DA KE KAN KOWA

A kan hukuma: ƙasarmu tana da dokar kiyaye muhalli tun 1998, wadda ta wajabta binciken illar manyan ayyuka kafin a fara su. A yi aiki da ita. A karanta wa jama'a sakamakon binciken da harshen da suke ji. A sa kamfani ya ajiye kuɗin gyaran wuri tun ranar farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A samu masu awon iska da ruwa, da likitoci, waɗanda albashinsu ba daga hannun kamfanin yake fitowa ba.

A kan sarakuna da masu unguwanni: ku ne ake fara kai wa gaisuwa. Ku ji tsoron Allah cikin goron da ake kawo maku. Kyautar da za ta rufe bakin shugaba daga faɗin cutar talakawansa, sunanta rashawa.

A kan malamai da limamai: mu koyi wannan babi, mu shigar da shi cikin huɗuba da karatu. Kada kyautar buhunan shinkafa na azumi, ko ginin masallaci, su sa mu yi shiru. Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Kuma mu yi magana da ilimi da tabbaci, ba da jita-jita ba, don ƙage ga kamfani ma zalunci ne.

A kan ma'aikaci da injiniya Musulmi: in an ba ka awo, rubuta abin da ka gani. Shaidar zur ba a gaban alƙali kaɗai take ba. Sanya kayan kariyarka, kada ka kai tufafin aiki cikin iyalinka, kada ka sayar da ƙarfen da ka san ya fito daga wurin guba.

A kan sauran jama'a: mu halarci taron jin ra'ayi in an kira, mu yi tambaya cikin ladabi, mu kai kuka ta hanyar da doka ta tanada, ba da ƙone-ƙone ba, domin ba a gusar da cuta da cuta irinta.

Kada wani ya ce mu talakawa ne, ba mu iya komai. Bayan farin 1984, shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna sassabe masu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kimanin miliyon 200 suka dawo a kan hekta miliyon 5. Gona ta ƙara albarka, iska ta rage kwasar ƙasa. Arziki da kiyaye ƙasa suka tafi tare, da hannun talaka.

Saboda haka amsarmu ga saurayin nan ita ce: a yi wa baƙon maraba, a shimfiɗa masa tabarma, sa'an nan a zauna a yi sharaɗi tun kafin a aza tubalin farko. In ya yarda ya tace hayaƙinsa, ya faɗi gaskiya, ya ajiye kuɗin gyara, to Allah shi sa albarka, ku shiga aikin da ƙarfinku. In ya ce sai dai ku zaɓa tsakanin abinci da numfashi, ku sani wannan ba ciniki ba ne da shari'a ta yarda da shi, domin numfashin ƴaƴanku ba naku ba ne balle ku sayar.

Allah shi ba shugabanninmu ikon riƙe amana, shi wadata ƙasarmu da halal, shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.